Jajayen Ɗigo a Baƙin Allo: Abin da Taswirar Korona ta Johns Hopkins Ta Gani da Abin da Ya Kuɓuce Mata

Idan kana riƙe da waya mai intanet a shekarar 2020, da wuya a ce ba ka ci karo da ita ba: taswirar duniya a kan baƙin allo, an yayyafa mata jajayen ɗigo manya da ƙanana, ga wata ƙatuwar lamba a gefe tana hawa kullum. Ko ba ka taɓa buɗe shafin da kanka ba, alƙalumansa sun iso ka. Duk sanda ka ji mai karanta labarai ya jingina adadin masu korona ga Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, to daga wannan allon aka ɗebo.

Tun ranar 10 ga Maris 2023 aka daina sabunta shi. Ƙura ta lafa, don haka yanzu za mu iya duba shi a tsanake kamar yadda ake duba kowane aiki: yaya aka ɗinka shi, me ya iya, ina kuma ya gaza. Ra'ayina tun daga farko shi ne aiki ne babba wanda ya cancanci yabon da ya sha. Amma yana da aibi guda, kuma aibin nan ya fi cutar da mu da muke zaune a wuraren da ba a ƙirga mu da kyau.

Da farko ka san cewa Johns Hopkins ba ta ƙirga marar lafiya ko ɗaya a Wuhan ko Milan ko Kano ba. Allon nan irin abin nan ne da masu harkar intanet ke kira mashup, kalmar da suka aro daga mawaƙa masu ɗauko muryar wata waƙa su ɗora a kan kiɗan wata. Da Hausa sai mu ce haɗin gambiza: ka ɗauko bayanai daga shafin wancan, ka ɗauko taswira daga na wannan, ka haɗa su su ba da wani abu na uku da babu shi a ko ɗaya daga cikinsu. Misalin da aka fi ambatawa a matsayin na farko-farko shi ne na wani injiniya mai suna Paul Rademacher, wanda a 2005 ya kwaso tallace-tallacen gidajen haya daga shafin Craigslist ya jera su a kan taswirar Google, ya kira abin HousingMaps. Bai mallaki gida ko ɗaya ba, bai zana taswira ba, amma mai neman haya ya samu sauƙi. A shekarar ce Google ta buɗe wa kowa ƙofar amfani da taswirarta a hukumance, irin ƙofar nan da ake kira API, wato hanyar da kwamfuta ke roƙon wata kwamfutar bayanai kai tsaye ba tare da mutum ya zauna yana kwafa ba.

Shekara 15 bayan haka, wani ɗalibin digiri na uku a Johns Hopkins mai suna Ensheng Dong, ɗan ƙasar Sin, ya yi irin wannan ɗinkin tare da malamarsa Lauren Gardner. Su biyun injiniyoyi ne, ba likitoci ba. Sun saki allon ranar 22 ga Janairu 2020, lokacin masu cutar da aka tabbatar a duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Taswirar da manhajar da ke nuna ta na kamfanin Esri ne. Alƙaluman farko kuwa akasari daga DXY suka fito, wani dandalin likitocin Sin wanda shi ma tattarowa yake yi daga sanarwar hukumomin larduna. Da farko da hannu Dong ke shigar da lambobin, daga baya aka rubuta manhajojin da ke zagayawa da kansu suna kwasowa daga shafukan ma'aikatun lafiya, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da cibiyoyin yaƙi da cututtuka na Amurka da Turai, da wasu shafukan masu zaman kansu.

Abin da ya iya

A ba su haƙƙinsu. A makonnin farko na annobar, Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto take fitarwa sau ɗaya a rana, a takardar PDF da mutum zai iya karantawa amma kwamfuta ba za ta iya lissafi da ita cikin sauƙi ba. Su kuma waɗannan sai suka zuba dukkan alƙalumansu a GitHub, a teburori masu sauƙi, kyauta, kowa ya ɗauka. Mai bincike a Zariya ko Yamai da na Landan tebur ɗaya suke saukewa. Wanda ya ga kuskure yana iya rubuta ƙorafi a fili, kowa na gani, kuma ana iya bin sawun duk gyaran da aka yi. A ganina wannan teburin shi ne ainihin gudummawarsu, ya fi taswirar kanta daraja nesa ba kusa ba. A watannin farko sai da allon ya kai yana amsa buƙatun bayanai fiye da biliyan ɗaya a rana (buƙatun kwamfutoci fa, ba yawan mutane ba), kuma a 2022 aka ba Gardner lambar yabo ta Lasker saboda wannan aiki.

Sun kuma ba da 'yar layukan rubutu da kowane mai shafi zai iya mannawa a shafinsa, sai allon ya bayyana a ciki kamar taga. Wannan 'yar tagar ita ce widget. Jarida ba ta buƙatar ma'aikacin ƙididdiga, ta manna kawai, lambobi su riƙa sabunta kansu. Shafin Our World in Data ma, wanda ɗimbin 'yan jarida ke dogaro da shi, a ƙarshen Nuwamba 2020 ya koma ɗaukar adadin masu cutar da na mamata daga Johns Hopkins. Ka ga ke nan haɗin gambiza ya haifi wasu haɗe-haɗen, kowa na sha daga rijiya ɗaya.

Mudu ba ɗaya ba ne

To ga inda gizo ke saƙar. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san mudun wannan gari ba lallai ya yi daidai da na wancan ba. Idan ka tara mudu 10 na nan da mudu 10 na can ka ce kana da mudu 20, lissafinka daidai ne a takarda, amma buhun zai ƙaryata ka. Babbar lambar da ke gefen allon nan jimillar mudu kusan 200 ce, kowace ƙasa da nata.

Duba lardin Hubei. A tsakiyar Fabrairu 2020 hukumomi suka sauya ma'anar "wanda ya kamu", suka fara ƙirga waɗanda likita ya tabbatar ta hanyar alamomi da hoton huhu ko da ba a yi musu gwaji ba. A rana ɗaya sai ga ƙarin mutum 14,840. Cutar ba ta yi tsalle a daren nan ba, mudu aka sauya. A Afrilu birnin Wuhan ya ƙara mutum 1,290 a jerin mamata a lokaci ɗaya. A ƙarshen Mayu Sifaniya ta cire kusan mutum 2,000 daga nata jerin, har teburin ya nuna adadin mutuwar ranar ƙasa da sifili, sai ka ce an tashi daga kabari. A Ingila kuwa, tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba 2020, sakamakon gwaji 15,841 ne suka salwanta na ɗan lokaci saboda an yi amfani da tsohon tsarin Excel da layukansa suka cika. Peru ta fi kowa: a ƙarshen Mayu 2021 ta sake nazari, adadin mamatanta ya tashi daga kimanin 69,000 zuwa sama da 180,000.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da laifin Dong ko Gardner ne. Mai haɗin gambiza gadon kurakuran masu ba shi yake yi. Abin da nake tuhumar allon da shi daban ne: yadda ya gabatar da jimillar. Lamba ce cikakkiya har zuwa ɗigon ƙarshe, misali miliyan kaza da dubu kaza da ɗari kaza da bakwai, da manyan haruffa, ba tare da wata alamar shakka a kusa da ita ba. Idon mutum kuwa idan ya ga lamba ta ƙare da bakwai, sai zuciya ta ce ai waɗannan sun ƙirga ɗaya bayan ɗaya.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin maganin wannan. Ba sa karɓar magana sai da isnadinta: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi wancan ɗin yaya riƙonsa yake. Daga nan su yi mata daraja, wannan ingantacciya, wannan mai rauni. Allon Johns Hopkins yana da isnadi, domin an jera majiyoyi a ƙasan shafin da kuma GitHub. Abin da ba shi da shi shi ne darajar ruwaya. Alƙaluman ƙasar da ke gwada dubun-dubatar mutane kullum da na ƙasar da ɗakin gwajinta ɗaya ke aiki, duk ja ɗaya aka shafa musu. Ita kuma 'yar tagar da aka manna a wata jarida, ko hoton allon da aka ɗauka aka tura a WhatsApp, sau da yawa ko jerin majiyoyin ba ya biyo su.

Akwai ma maruwaicin da ya jawo surutu. Cikin majiyoyin da allon ya lissafa har da Worldometer, shafin da ba ya bayyana sunayen masu tattara masa alƙaluma. A ƙarshen Afrilu 2020 firaministan Sifaniya Pedro Sánchez ya faɗa wa 'yan jarida cewa Johns Hopkins ta sa ƙasarsa ta biyar a duniya wajen yawan gwaji. Da tashar CNN ta bi sawu, sai ta tarar jami'ar ba ta da wannan jadawali, alƙaluman na Worldometer ne. Ka ga yadda sunan jami'a ke zama riga: lamba ta shigo tsirara, ta fita da babbar riga da hula.

Kano, Afrilu 2020

Nan ne maganar ta zo gida. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano ranar 11 ga Afrilu 2020. Cikin makonnin da suka biyo baya masu haƙa kabari suka fara faɗin cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce ƙima, akasari dattawa, ciki har da sanannun mutane. A daidai wannan lokaci ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya dakatar da aiki na wasu kwanaki. Gwamnatin jiha da farko ta alaƙanta mace-macen da hawan jini, ciwon suga, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata: mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce ta yi sanadi ko ta taimaka.

Yi lissafin da kanka. Rabin 979 ya kusa 490. A lokacin da ministan ke wannan magana, jimillar waɗanda korona ta kashe a duk faɗin Nijeriya bisa ƙididdigar hukumar NCDC, wadda ita ce allon ke kwafa, ba ta kai 400 ba. Wato mamatan cikin birnin Kano kaɗai, a ƙiyasin gwamnati da kanta, sun fi adadin da taswirar ke nuna wa duniya na ƙasar baki ɗaya. Ba a shigar da su ba domin ba a gwada su ba, kuma ba za a taɓa gwada su ba: a wurinmu wanda ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma mace-mace kaɗan ne ake yi wa rajista. A kan baƙin allon kuwa, a watannin nan, Nijeriya ɗan ɗigo ɗaya ce a tsakiyar ƙasa, ƙarami idan ka kwatanta da jan da ya lulluɓe Turai da Amurka.

Ba Kano kaɗai ba. A Lusaka ta Zambiya masu bincike sun je ɗakin ajiyar gawa na babban asibitin koyarwa a 2020 suka gwada mamata 364. Sun samu ƙwayar cutar a jikin 70, kuma 6 ne kacal a cikinsu aka taɓa yi wa gwaji kafin su rasu. A Afrilu 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nazarin gwaje-gwajen jini da ke nuna cewa zuwa Satumba 2021 kimanin mutum miliyan 800 ne suka kamu a Afirka, alhali waɗanda aka rubuta miliyan 8.2 ne. Kusan ɗaya cikin ɗari ke nan.

Kada ka fahimce ni baibai. Akwai dalilai na gaskiya da za su sa mutuwa ta yi ƙasa a ƙasashenmu, babbansu shi ne ƙuruciya: kusan rabin 'yan Nijeriya ba su kai shekara 18 ba, Nijar ma ta fi haka yarinta, korona kuwa tsofaffi ta fi kayarwa. Matsalar ita ce taswirar ba ta da hanyar bambance ƙaramin ɗigon da ƙuruciya ta jawo da ƙaramin ɗigon da rashin gwaji ya jawo. Afirka ta Kudu, mai mutane kimanin miliyan 60, ta ƙare da masu cutar sama da miliyan 4 da mamata sama da 100,000. Nijeriya mai mutane fiye da miliyan 200 ta ƙare da kimanin 266,000 da mamata 3,155. Wani kaso na wannan tazara cuta ce, wani kaso kuma yawan ɗakunan gwaji da rajistar mutuwa ne. Allon ya bar ka ka yi hasashe, kuma mutane da dama hasashen da ya fi daɗi suka zaɓa. Duk wanda ya zauna a majalisa a 2020 ya ji masu cewa ai cutar Turawa ce, ko ta masu kuɗi, ko ma babu ita. Ba taswira ce ta haifi wannan magana ba, amma ta ba ta hoton da za a nuna.

Sai kuma masu yin shiru da gangan. Tanzaniya a ƙarƙashin John Magufuli ta tsaya a kan mutum 509 da mamata 21, ta daina ba da alƙaluma fiye da shekara guda. Turkmenistan ba ta taɓa amsa cewa tana da ko mutum ɗaya ba. Manhajar da ke kwaso bayanai ba ta san bambancin "babu sabon kamu" da "mun ƙi faɗa" ba, duka biyun sifili take rubutawa. Gwamnatin da ta ɓoye sai ta fito tas a taswira, wadda ta yi gaskiya kuma ta yi jajir. Da ni ne mai zana allon, da ƙasar da ta daina magana toka-toka zan shafa mata, in rubuta ranar da aka ji ta na ƙarshe. Wannan ba ya buƙatar sabon bincike, teburin nasu ya riga ya san ranar.

Shi kansa launin abin dubawa ne. Ja a kan baƙi launin gobara ne, kuma ɗigon farko da kake gani na jimillar duk waɗanda suka taɓa kamuwa ne tun farkon annoba, don haka girma kawai yake yi, ba ya raguwa ko da cutar ta lafa a wurin. Yawan mutanen ƙasa ma bai shiga lissafinsa ba. Daga baya sun ƙara wasu shafuka a jikin taswirar masu nuna adadi gwargwadon yawan jama'a, amma sai ka latsa ka nema, na yawan gwaji kuwa jihohin Amurka ya shafa. Mutum nawa ne ke latsawa?

Zanen aro

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma duk haɗin gambiza da zanen aro yake yawo. Ginshiƙin "waɗanda suka warke" shi ya fara faɗuwa: ƙasashe da jihohi da yawa ba sa bayar da shi, masu bayarwar kuma kowa da abin da yake nufi da warkewa, har a Agusta 2021 aka daina sabunta shi. Daga nan jihohin Amurka suka riƙa komawa rahoton mako-mako, gwajin gida da ba ya shiga rajista ya yawaita, majiyoyi suka yi ta ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan na cikin dalilan da masu allon suka bayar na rufe shi.

Sunan ma an are shi. A Maris 2020 masana tsaron intanet suka gano wata manhaja da ake yaɗawa da sunan taswirar korona. Idan ka sauke ta a kwamfuta, tana nuna maka allon Johns Hopkins na gaskiya, da alƙaluma na gaskiya da take jawowa kai tsaye, a bayan fage kuma wata muguwar manhaja mai suna AZORult na kwashe kalmomin sirrinka. Sauƙin mannawar da ya amfani jaridu shi ya amfani ɓarayi. Taga ba ta gaya maka gidan wa aka kafa ta.

Ranar da aka rufe, allon ya tsaya a kan masu cutar sama da miliyan 676 da mamata kusan miliyan 6.9. Tun a Mayu 2022 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 kaɗai mutanen da suka rasu fiye da yadda aka saba sun kai miliyan 14.9, a daidai lokacin da adadin da ƙasashe suka rubuta ke miliyan 5.4. Ita ta ba da nata da iyaka, tsakanin miliyan 13.3 da 16.6, abin da babbar lambar allon ba ta taɓa yi ba ko sau ɗaya cikin shekara uku. Teburorin na nan a GitHub, an kulle su daga gyara, ɗalibai na ci gaba da saukewa suna rubuta kundin digiri da su. Idan kana cikinsu, buɗe layin Nijeriya ka gangara zuwa makon ƙarshe na Afrilu 2020. Jimillar mamatan ƙasar baki ɗaya a wurin ba ta kai 100 ba.